Sauri Ya Haifi Nawa: Ni Da Kwamfutata A Bande

Akwai lokacin da idan na danna madannin kunna kwamfutata da safe, sai in tashi in hura gawayi, in ɗora shayi, in dawo in tarar ba ta gama farkawa ba. Maiɗakina har suna ta raɗa mata, wai Hajiya, don a cewarta ba a taɓa ganin Hajiya ta fito unguwa da gaggawa ba. Mun daɗe muna wannan raha a gida. Ban san rahar za ta ƙare ne da wani dattijo zaune a ƙofar gidana yana tambayata inda makin ɗansa ya shiga ba.

Ni malamin lissafi ne a kwaleji a nan Bande, kan hanyar da ta taso daga Damagaram zuwa Magaria. Aji huɗu nake riƙe da su, kuma duk wanda ya san azuzuwanmu ya san ba ƙananan taro ba ne. Saboda ƴan'uwanmu malaman Najeriya da ke karanta wannan shafi, bari in ɗan yi bayani: a wajenmu maki a kan 20 ake ba da shi, kowane darasi da nauyinsa, a ƙarshen zango a tara a raba a fitar da abin da muke kira mwayan. Wanda ya sami 10 ya tsallake, wanda ya gaza kuwa sai wani ikon Allah. Lissafi yana cikin darussa masu nauyi, saboda haka maki biyu ko uku a wajena suna iya ɗaga yaro ko su kayar da shi. Da can da biro da ƴar na'urar lissafi nake wannan aiki, in kwana uku ina fama. Da na sayi kwamfuta a 2019 sai na mayar da komai cikin Excel, aikin kwana uku ya koma na yamma ɗaya.

Kwamfutar ta hannu ce, ta biyo ta Kano kafin ta iso gare ni. Madannanta jerin Ingilishi ne, amma wanda ya sayar mini ya zuba mata Windows 10 ta Faransanci, shi ya sa har yau idan na danna A wani lokaci Q ke fitowa. Shekarun farko ba ni da abin cewa a kanta. Nawar ta shigo ne a hankali, kamar yadda gara ke cin azara, ba ka ankara sai rufi ya fara lotsawa. Ni kuma na yanke mata hukunci tun ban bincika ba: tsufa ne. Har na fara lissafin adashen da zan ɗauka in sayi wata.

Kunnawa dai ana iya haƙuri da ita, tunda ga shayi. Kashewa ita ce ta fi ci mini rai. Sai a buga ƙararrawar tashi, ina da wani uzuri a gida, in danna kashewa, allo ya yi shuɗi, ɗige-ɗigen nan su yi ta kewayawa kamar masu sussuka. Wani lokaci ta rubuto mini cewa kada in kashe ta, tana sabunta kanta, ta kai kashi 30 cikin ɗari ta tsaya cak. To ni ga batir ya kusa mutuwa, ga wuta ba tabbas. Duk wanda ke ƙasar nan a watan Agustan 2023, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, ya san yadda muka koyi tattalin caji kamar ruwan randa a bazara. A lokacin ne na koyi ɗabi'ar da ta cuce ni. Idan ta ƙi mutuwa sai in danne madannin kunnawa da yatsa har sai ta yi ɗif. Idan kuma sauri ya yi yawa sai in rufe murfin kawai, in cusa ta a jaka, in hau babur. Sau da yawa na isa gida na tarar da jakar da zafi kamar an sa burodin da aka fitar daga gidan wuta, alamar tana ta aiki a ciki ke nan duk tsawon hanya.

A ƙarshen zangon farko na bara, cikin hunturu, na zauna da dare zan fitar da mwayan na ƴan ajin ƙarshe, waɗanda za su zauna jarrabawar BEPC. Na kunna. Ta daɗe fiye da kullum, sannan ta rubuto cewa tana gyaran faifai. Na jira har na yi gyangyaɗi. Da ta buɗe, fayil uku suka buɗu lafiya, na huɗun ya ƙi. Na danna, na sake dannawa, Excel ya ce ba ya iya karanta shi. Na ajin jarrabawar ne.

A nan ne zan faɗi laifina, don babu amfanin rubutun idan na ɓoye shi. Tun da na saba da kwamfuta na yi sakaci da littafin maki. Makin gwajin farko da na biyu suna cikin littafi, amma na uku, babban gwajin da ya fi nauyi, kai tsaye na shigar da shi kwamfuta na raba wa yara takardunsu. Ban kwafa a ko'ina ba. Ina da kile, wato abin da a Najeriya ake ce wa filash, amma yana hannun wani abokin aiki tun wata biyu, ni kuma ban bi sawu ba.

Washegari na shiga aji na ce kowa ya dawo mini da takardarsa ta gwaji na uku. Malamai sun san abin da ke samun takardar da ta kwana uku a hannun ɗalibi a ƙauye. Wata an ƙunshe ƙosai da ita, wata akuya ta ci, wata ƙanwa ta yi jirgi da ita. Mafi yawa dai sun kawo, wasu da maiƙo, wasu a yage. Mutum bakwai ba su da komai. Na tambaye su makinsu, kowa ya faɗi abin da ya ga dama, har da wanda ya ce 19, alhali tun da nake da shi bai taɓa wuce 8 ba. Babu yadda zan yi sai na sake yi wa bakwai ɗin wani gwaji.

Cikinsu akwai wani yaro daga wani ƙauye da ke gabas da mu, mai tafiyar ƙafa kullum. Ya ce mini 15 ya samu a wancan gwaji. Ina tuna cewa ya yi ƙoƙari, har na yaba masa a gaban aji, amma lambar ta ɓace mini. A sabon gwajin ya sami 9, don ya zo da zazzaɓi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga mahaifinsa a ƙofar gidana. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, yaron nan ya zo mini da murna ya ce ya ci goma sha biyar, har na sayo masa takalmi. Yanzu kuma ya ce tara. Ni ban yi boko ba, shi ya sa na ce bari in zo in ji, shi ne ya yi mini ƙarya ko kuwa?"

Na ce, "Baba, bai yi maka ƙarya ba. Laifina ne, na'urata ce ta lalace, makin ya ɓace."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, ita na'urar ba ta nuna alamar ciwo ba kafin ta kwanta?"

Ban sami amsar da zan ba shi ba. Ta nuna, fiye da shekara tana nunawa, ni kuma ina dafa shayi ina kiranta Hajiya.

Ranar Asabar na ɗauke ta na nufi Magaria. An yi mini kwatancen wani matashi mai gyaran waya da kwamfuta kusa da tasha. Ina shiga rumfar ya miƙe tsaye ya ce, "Mushe, sannu da zuwa!" Ashe tsohon ɗalibina ne, wanda ya faɗi BEPC sau biyu ya haƙura ya tafi koyon gyara a Damagaram. Na tuna har da abin da na taɓa rubuta masa a takardar sakamako, cewa yana da nawa wajen aiki. Shi bai tayar da zancen ba, ni ma na yi gum.

Na ce masa ta tsufa, ya duba mini ko nawa za ta yi idan na sayar. Ya ce, "Mushe, minti nawa take yi kafin ta tashi?" Na ce da yawa. Ya yi murmushi ya ce, "Da yawa ba lamba ba ce, kai ka koya mana." Ya ɗauko wayarsa ya kunna agogon awo, ya danna madannin. Minti 7 da ƴan daƙiƙu kafin a iya buɗe ko da fayil ɗaya. Ya rubuta a bayan wani kwali. Ya kashe ta ya auna, minti 4. Ya ce duk abin da muka taɓa za mu sake aunawa, don mu san wanne ne ya yi magani, kada mu yi ta shan jiƙe-jiƙe ba mu san wanda ya warkar ba.

Amma kafin ya taɓa komai sai ya ce in yi shiru, ya kara kunnensa a jikinta, ya ce ni ma in kara. Na ji wani ɗan ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙwaro a cikin buhun wake. Bai ce komai ba, ya jawo wani faifai nasa ya jona, ya kwashe duk takarduna da hotunan iyalina zuwa ciki. Sai da ya gama ya ce, "Yanzu mu yi hira." Wannan shi ne abu mafi muhimmanci da na koya a rumfar nan, kuma shi nake so kowane malami ya riƙe ko da ya manta sauran: idan kwamfuta ta fara nawa, kafin ka nemi dalili, kafin ka goge komai ko ka kai ta wajen kowa, ka fara kwashe aikinka zuwa wani wuri.

Ga yadda ya fahimtar da ni abin da ke ƙara. Irin tsofaffin kwamfutocin da ke hannun yawancinmu, ma'ajiyarsu faifai ne na gaske da ke juyawa a ciki, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wata ƴar allura da ke shawagi a kansa tana karatu da rubutu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba. Idan kwamfuta tana cikin rubutu ka danne madanni ka yanke mata wuta, abin da take rubutawa ya tsaya rabi, kamar ka fizge littafi daga hannun yaro yana tsakiyar jimla. Idan kuma faifan na juyawa ka sa ta a jaka ka bi hanyar da ke da ramuka a kan babur, allurar tana iya taɓa fuskar faifan ta yi masa rauni. Duk wurin da ya ji rauni, idan kwamfuta ta zo karanta shi sai ta yi ta maimaitawa kafin ta wuce, wannan maimaicin kuwa shi ne wani kaso na mintunan da nake jira. Fayil ɗin ajin jarrabawa ko dai ya faɗa kan irin wannan wuri, ko na yanke shi yana tsakiyar ajiyewa. Ko wanne ne, hannuna yana ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne batun sabuntawar nan. Ashe duk ranar da na kashe ta da ƙarfi tana kashi 30, idan na sake kunnawa sai ta ɓata lokaci tana warware abin da ta fara, sannan da yamma ta sake ɗaukowa daga farko. Wata da watanni muna wannan zagaye ni da ita: ina yanke ta don tana da nawa, tana ƙara nawa don ina yanke ta. Ya jona ta a wuta ya ce mu ƙyale ta ta gama ko da za ta kai la'asar. Muka je muka ci abinci muka yi azahar, muka dawo ta gama. Ya nuna mini inda ake dakatar da sabuntawa na ɗan lokaci, don mutum ya zaɓi ranar da yake da wuta da sarari ya bar ta ta yi, da kuma inda ake gaya mata cewa intanet ɗin wayata na awo ne, don kada ta riƙa shanye mini kuɗin data tana jawo manyan kaya ba da sanina ba.

Daga nan ya danna madannai uku tare, Ctrl da Shift da Esc, wani allo ya buɗe wanda ban taɓa gani ba a shekara biyar da nake da ita. A ciki akwai shafin da ke jera duk manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, a Faransanci Démarrage, a na Ingilishi Startup. Na ƙirga 17. Ni da na san abin da nake amfani da shi bai wuce uku ba! Akwai ta na'urar buga takarda da aka taɓa jona mini sau ɗaya a wani shago a 2021. Akwai ta sauke bidiyo da ƙanena ya saka. Akwai wasu guda biyu masu sunan share datti da ƙara gudu, waɗanda ni da kaina na roƙi wani ya zuba mini don maganin nawar. Ya ce waɗannan su ne kamar ƴan rakiyar amarya, kowa sai ya shiga mota, motar kuma ta kasa tashi. Ya kashe tashin duk wanda ba a buƙata, ya ce hakan ba gogewa ba ne, manhajar tana nan, sai dai ba za ta fito ba sai an kira ta. Masu ƙara gudun kuwa ya cire su ɗungurungum.

Sai maganin ƙwayar cuta. Guda biyu na tara, ɗaya wa'adinsa ya ƙare tun tuni, ga kuma wanda Windows 10 ke zuwa da shi a jikinta, wato Defender. Ni a tunanina yawan masu gadi yawan tsaro. Ya ce a'a, kowanne yana binciken duk fayil ɗin da aka taɓa, har suna binciken juna, faifan da dama ya gaji shi ke ɗaukar wahalar. Ya cire biyun ya bar na asali. Da ya bincika kuma duk da masu gadin nan sai ga ƙwayar nan da kowane malami ya sani, mai ɓoye fayiloli a cikin kile ta bar maka inuwarsu. Ba abin mamaki ba ne. Kwamfutata ita ce ta unguwa: mai son buga takardar neman aiki, mai son a tura masa wa'azi, abokin aikin da zai kwafi tambayoyin jarrabawa, kowa da kilensa, ni kuma kunya ba ta bari in ce a'a.

Muka sake aunawa: minti 4 da rabi. Ya rubuta a kwali.

Ya buɗe inda ake ganin cikar faifai, layin ya yi ja wur. Ya ce idan sarari ya gaza kashi 10 cikin ɗari haka yake komawa. Finafinan Hausa masu dogon zango ne cike da ita, da bidiyon biki na mutanen da ban ma sani ba. Iyaye, wannan taku ce. Idan kwamfutar aiki ce a gida, yara kuma na kallo a kanta, a sama musu katin ajiya nasu daban. Tawa ƙwaƙwalwar aikinta, wadda ake kira RAM, gigabait 4 ce kawai. Idan ta cika sai kwamfuta ta ari wuri a faifai ta riƙa sauke kaya tana ɗauka, idan faifan ma a cike yake ka ga an haɗu da wahala biyu.

Da ya kwance bayanta kuwa sai da na ji kunya. Ƙurar hunturu ta shekara biyar ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa. Kwamfuta idan ta ji zafi ya yi mata yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A garin da zafin bazara ke haura 40 a ma'auni, ni kuma ina ɗora ta a kan katifa ko a cinya ina toshe ramukan shan iskarta, ba sai an faɗa ba. Ya share da buroshi mai laushi ya hure. Ya ce in riƙa ɗora ta a kan tebur ko faranti, in lulluɓe ta da ƙyalle idan ba na aiki.

Akwai wani abu da ya gaya mini game da kashewa da har yau yake ba ni mamaki. Tun daga Windows 8, idan ka zaɓi kashewa, wato Arrêter, kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana tattara wani sashe na abin da ke ƙwaƙwalwarta ta ajiye a faifai, don gobe ta ɗauko ta tashi da wuri. Dabara ce mai kyau, amma idan akwai wata matsala da ta maƙale a ciki, da ita za ta kwana da ita za ta tashi. Sake kunnawa, wato Redémarrer, shi ne ke zubar da komai a faro daga tushe. Ni kuwa a shekara biyar ban fi sau biyar na taɓa shi ba, don ina ganin wanda ya kashe ya kunna ai ya yi mai gaba ɗaya. Ya ce in riƙa yi ko sau ɗaya a mako, idan kuma ina son cikakkiyar kashewa in danne Shift lokacin da nake zaɓar kashewar. Ya ƙara da cewa kafin in kashe in rufe duk takardun da na buɗe, in zare kile da duk abin da ke jone, don sau da yawa jiran da take yi wata manhaja ce ke riƙe da ita tana tambayar ko a ajiye aiki. Kuma kada murfi ya rufu, kada ta shiga jaka, sai fitilarta ta mutu fanka ta yi shiru.

Awo na uku: minti 3 da ƴan kai. Kashewa ta dawo ƙasa da minti ɗaya. Ban biya ko dala ba ya zuwa nan, ban da kuɗin mai.

Na ce to alhamdu lillahi, ya isa. Ya ce, "Mushe, ka manta da ƙas ƙas ɗin." Faifan yana kan hanyar mutuwa, share-share ba ya tsayar da shi. Ya ce a saka SSD, irin ma'ajiyar da ba ta da abin da ke juyawa, kamar katin ajiyar waya amma babba, ba ta jin girgizar babur, kuma ta fi tsohon faifai sauri nesa ba kusa ba. Na yi ɗan jim, don wata ya yi nisa, kowa kuma ya san aljihun malami a irin wannan lokaci. Da ya faɗi kuɗin mai gigabait 256 sai na ga bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na yi niyyar kashewa a wata kwamfutar ba. Babu a rumfarsa, sai da ya yi waya Damagaram aka ba wani direba ya sauke masa bayan kwana biyu. Da na koma karɓa ya miƙo mini wayarsa ya ce ni zan auna da hannuna. Daƙiƙa 28.

Ba zan ce kowace kwamfuta mai nawa SSD take buƙata ba. Na ga abokin aikin da ya ji labarina ya je ya saya, ashe tasa ƙura ce kawai da manhajojin banza, da ya fara da abin da ba ya cin kuɗi da ya huta. Na kuma ga wanda aka ce masa a goge komai a sake zubawa, ya yarda ba tare da an kwashe masa takardu ba, ya rasa darussan da ya shekara shida yana tarawa. Wannan maganar ta a goge a sake zubawa ita ce ta farko a bakin masu gyara da yawa, don ita ta fi sauƙi gare su. Wani lokaci ita ce mafita, amma idan faifai ne ke mutuwa, bayan wata ɗaya za ka dawo. Ka tambayi mai gyara me ya gani, ya nuna maka da ido, ka kuma tsaya a kwashe kayanka a gabanka.

Wani abin da ya rage mini tunani shi ne, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10. Kwamfuta ba ta daina aiki ba, tawa ga ta nan da ita nake wannan rubutu, amma facin tsaron da aka saba aikowa kyauta ya tsaya, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin injuna irin nawa. Yaron ya ce idan na shirya zai gwada mini Linux, wadda ba a biya kuma ba ta da nauyi. Na ce ya bari sai babban hutu, ba na son koyon sabuwar hanya a tsakiyar zango.

Fayil ɗin ajin jarrabawa dai bai dawo ba. Ya gwada duk dabarar da ya sani, abin da ya fito wasu haruffa ne marasa kan gado da sunaye biyar. Game da yaron nan mai 15 da 9, na je na sami shugaban makaranta na gaya masa komai yadda ya faru, ban rage ba. Muka yarda a sake ba shi dama idan ya warke, shi da duk wanda ke so cikin bakwai ɗin. Ya sami 13. Ba 15 ɗinsa ba ce, kuma na san maki biyun nan ni na cinye masa su. Mwayan ɗinsa dai ya haura 10. Na aika wa mahaifinsa da saƙo, ya aiko mini da kwaryar gyaɗa, na rasa yadda zan yi da ita don nauyin da na ji, ƙarshe na kai aji muka cinye tare.

Na koma rubuta maki a littafi da biro kafin ya shiga kwamfuta. Na sayi kile biyu, ɗaya ba ya fita daga gida kuma ba a ara, duk ranar Alhamis nake kwafe fayilolin maki a cikinsa, in kuma tura wa kaina su ta waya. Masu zuwa da kilensu har yanzu suna zuwa, ban iya korarsu ba, sai dai yanzu ina bincika shi kafin in buɗe, suna tsaye suna ƙorafin na cika ƙa'ida. Kwalin da yaron ya rubuta awon a kai yana cikin jakar kwamfutar: 7, sai 4 da rabi, sai 3, sai 28 da ya ja wa layi biyu a ƙasa. A farkon kowane wata nakan sake aunawa in rubuta a gefe. Na wannan watan 31 ne. Maiɗakina ta ce tunda Hajiya ta daina nawa sai a sake mata suna, har yanzu dai ba mu daidaita a kan wanne ba.